Na sa an kashe ƙarar injin motar Baba, yanzu sai an tura take tashi

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar akori-kura Peugeot 504 mai shan fetur, wadda da ita ya ciyar da mu yana ɗauko gero da wake daga kasuwannin ƙauye. Da aka raba gado ta faɗo a rabona ni da Inna. Tun ina yaro injinta ke wata ƴar ƙara, cak-cak-cak kamar keken ɗinki. Makaniken da ke duba ta abokin mahaifinmu ne, dattijo, ya fi shekara 30 yana taɓa ta. Na ce ya kashe min ƙarar, ya ce in bar ta, tasbihinta take yi. Abokaina kuwa a tasha sai dariya, wai tela ya iso. Na ji haushi na kai ta wurin wani yaro mai gyaran babura, ya ɗaure wasu abubuwa a kan injin har ta yi tsit, na ba shi jika biyu. Yau wata biyu ke nan. Da safe tana tashi lafiya, amma in ta yi zafi na kashe ta sai an tura. Ƙarfi ya ragu, tana harbi ta salansa, in tana tsaye jikinta rawa yake. Yayana ya ce inji ya mutu, ko a sayar ko a sa wani. Dattijon nan kuma ko layinsu ba na bi don kunya. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba Inna haƙuri. Akori-kurar nan ka sauke mata kaya daga yau, kada ta sake ganin hanyar Tibiri ko ta Madarunfa sai an buɗe murfin kan injinta. A yadda ka kwatanta, injin bai mutu ba. Shaƙe shi aka yi, kuma duk fitar da ka yi da ita a haka kuɗin gyara kake ƙara wa kanka.

Bari in gaya maka abin da yaron ya ɗaure. Injinka gida huɗu gare shi inda fistan ke hawa da sauka, kowane gida da ƙofa biyu a kansa. Su ne supaf, waɗanda mutanen Katsina da Kano ke ce wa bawul. Ɗaya tana buɗewa mai da iska su shiga, ɗayar tana buɗewa hayaƙi ya fita, takwas ke nan. Can cikin injin akwai wata sanda mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke juyawa, tana tura wasu dogayen tsinkayen ƙarfe sama, su kuma su ɗaga gindin wani ɗan ƙarfe mai kama da hannun sikeli da muke kira kilbita, bakinsa ya danna kan supaf ta buɗe. Da ƙusumbin ya wuce sai sifirin ya mayar da ita ta rufe. To, tsakanin bakin kilbita da kan supaf, waɗanda suka ƙera injin sun bar ƴar tazara da gangan. Cak-cak ɗin da ka tashi kana ji, bakin kilbita ne ke tsallake wannan tazara kafin ya danna.

Dalilin barinta kuwa, ƙarfe in ya sha wuta miƙewa yake. Supaf ɗin hayaƙi a bakin wuta take kwana take tashi, zafin kanta yakan kai digiri 700, ya ma wuce in mota ta ɗau kaya tana cikin yashi. Ruwan radiyeta ba ya taɓa ta. Mafi yawan zafin nan tana sauke shi ne a ɗan zaman da take yi kan mazauninta idan ta rufe: ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kulas, wato kan injin da supaf ke zaune a ciki, ta janye zafin ta miƙa wa ruwa. In inji na juyi 3000 a minti, kowace supaf tana buɗewa ta rufe sau 25 a daƙiƙa guda. Ka ga zaman ba wani mai tsawo ba ne, amma da shi take rayuwa.

Yaron da ya kashe maka ƙara, wannan tazarar ya cinye. Da safe ƙarfe ya huce ya koma tsawonsa, supaf tana rufewa ko da ƙyar, mota ta tashi. Da ta ɗau zafi sai ƙafar supaf ta miƙe, ba wurin da za ta miƙe zuwa, sai ta tokare da kilbita ta tsaya a ɗan buɗe, kamar ƙofar zaure da aka sa wa takalmi. Fistan ya hau zai matse iska, iska ta sulale. Rashin ƙarfin ke nan, shi ne kuma ƙin tashi da zafi. Man da bai ƙone ba ya gangara salansa ya kama wuta a can, ga harbin da kake ji. Mafi muni, harshen wuta yana bi ta wannan ɗan tsagin kamar wutar mai walda, yana cin bakin supaf kaɗan-kaɗan.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Tazarar babur ba ta kai ta wannan injin ba, kuma masu babura da shiru suke auna gwanintar makanike. Ka ce a kashe ƙara, ya kashe. Kai ne ka je neman gira.

Ga lambobin da ya kamata ka haddace kamar lambar wayarka. A injin fetur na 504, haka ma na 404 da ta riga ta, supaf ɗin shigar mai tana son milimita 0,10, ta hayaƙi 0,25. A gareji goma da ashirin da biyar muke cewa. Mai shan gazuwal nata lissafin daban ne, kada wani ya ara mata wannan. Kuma da inji mai sanyi ake aunawa, sanyi na gaske, wanda ya kwana bai tashi ba. Wanda ya auna maka supaf kana isowa daga Gidan Rumji, murfi na ƙona hannu, wasa ya yi da kuɗinka.

Abin awon sunansa kal, ƴan siraran ƙarafa ne da ake ninkewa cikin kube kamar askar wanzami, kowane da lambarsa a jiki. Goma kaurin takardar rubutu guda ce, kusan kaurin reza. Shi ya sa za ka ga tsofaffin makanikai da reza a aljihun gaba, kuma a supaf ɗin shiga ba su yi nisa da gaskiya ba. Amma na ga mai auna ta hayaƙi da guntun zarton ƙarfe, wanda kaurinsa ya ninka abin da ake so fiye da sau biyu. Kal ba ta da tsada. Ka sayi taka ka ajiye a akwatin gaban mota.

Aikin kansa ba ya cin awa guda a hannun wanda ya iya, kuma ina so ka san shi ko da ba kai za ka yi ba. A share ƙurar kan injin tukuna, musamman in lokacin hazo ne, don duk abin da ya faɗa ciki tare da mai zai zagaya. A cire waya ta batir, a kwance buji huɗun, wato fulogi, don injin ya juyu da hannu ba gardama, a ɗage murfi. Za ka ga kilbita layi biyu. Layin da ke gefen bututun hayaƙi shi ne na hayaƙi. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a auna duka takwas a rubuta abin da aka tarar, don wannan rubutun shi zai nuna gidan da ya fi shan wahala cikin wata biyun nan.

Ba a auna supaf sai ƙusumbinta ya ba ta baya gaba ɗaya, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gane haka. Injin yana ba da wuta ne a jere 1, 3, 4, 2. A juya shi har supaf ɗin hayaƙi ta gida na 1 ta nutse iyakar nutsewarta, a lokacin sai a gyara ta shiga a gida na 3 da ta hayaƙi a gida na 4. A ƙara rabin juyi, ta hayaƙin 3 ta nutse, a gyara shigar 4 da hayaƙin 2. Ta hayaƙin 4 ta nutse, shigar 2 da hayaƙin 1. Ta hayaƙin 2 ta nutse, shigar 1 da hayaƙin 3. Shi ke nan, juyi biyu an gama takwas. Za ka ji ana musu a gareji kan wane gida ne na 1, don Peugeot daga wajen giya take fara ƙirga, wasu motocin kuma daga wajen fanka. A wannan aikin musun banza ne, ta kowane gefe ka fara lissafin yana fitowa daidai, in dai ba ka sauya a tsakiya ba.

A gindin kowace kilbita akwai kusa mai tsaga da noti mai riƙe ta. A sassauta noti, a zura kal tsakanin bakin kilbita da kan supaf, a juya kusa har kal ta riƙa wucewa da ɗan ja, kamar kana zare wuƙa daga kube mai kyau. Ba ta faɗa ba, ba ta kuma maƙale ba. Wurin da yara ke faɗuwa shi ne ɗaure notin: in ba a riƙe kusar da turnabis, wato sukudireba, gam ba, noti yana jan ta ta juya, tazarar da aka wahala aka samu ta tafi. Saboda haka bayan an ɗaure a sake zura kal. Kullum.

Ni ma na taɓa yin tawa, shi ya sa ban yi maka dariya ba. Ina yaron gareji, maigidana ya bar ni da wata 404 ya tafi jana'iza. Na auna tsaf, na ɗaure tsaf, ashe na juya layin: goma na ba hayaƙi, ashirin da biyar na ba shiga. Motar ta yi lodi ta kama hanyar Dakoro, bayan kwanaki aka jawo ta da igiya. Da aka ɗage kulas, supaf ɗin hayaƙi guda ta yi fari fat kamar toka, gefenta da gibi kamar ƙuli-ƙulin da ɓera ya gutsura. Maigida bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ɗaure ta da zare ya rataye a ƙusar da nake rataye rigata. Shekara biyu ina cire riga ina gaishe ta.

Yanzu abin da ba wanda zai iya faɗa maka daga nesa shi ne ko supaf ɗinka sun riga sun ƙone. Bayan an mayar da tazara, a tada injin ya yi zafi. In rawar ta tafi, yana tashi da zafi bugu ɗaya, ka yi sadaka, ka tsira da kuɗin kal da na robar murfi. In har yanzu yana ɗingishi, ka riƙe ƴar takarda a bakin salansa yana aiki a hankali. Lafiyayyen inji tura ta yake yi waje kawai. In kana ganin ana tsotso ta ciki lokaci-lokaci, fat, fat, akwai supaf ɗin hayaƙi da ba ta rufewa. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne agogon awon matsi da ake ɗaurawa a ramin buji. Ba lambar kanta ce abin dubawa ba, gidajen huɗu ake so su yi kusa da juna. Gidan da ya faɗi ƙasa a zuba masa cokali guda na man inji a sake gwadawa: in matsin ya tashi, zoben fistan ne suka gaji, in bai motsa ba, supaf ce.

Ko ta ƙone ɗin, gyaran kulas ne, ba mutuwar inji ba. A sauke ta, a canza supaf ɗin da ta ci wuta, a goge sauran da mazauninsu har su zauna daram, a sa sabon jowan, wato gasket ɗin da ke tsakanin kulas da jikin inji. Sai dai a nan ne nake so ka buɗe kunne, don a nan ake kashe 504 da gaske. Gidajen fistan na wannan injin ba a jikin bulok aka huda su ba, kofuna ne da aka zura, ruwa na zagaye su, kulas ce ke danne su. In aka ɗage kulas wani ya juya injin ba tare da an danne kofunan ba, ko aka fizge ta sama da ƙarfi ta taso da su, abin da ke toshe gindinsu ya motsa, gobe ka ga ruwa cikin mai ya zama kamar kunun gyaɗa. Mai gyaran babur bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne, bai taɓa gani ba. Dattijon da kake gudu ya san shi kamar yunwar cikinsa. Bayan gyaran kuma, in ta yi tafiyar kamar kilomita 1000, a koma a ƙara ɗaure kusoshin kulas a sake auna supaf, don sabon jowan yana kwantawa, lissafin ya canza.

Abu biyu kuma ka riƙa lura da su nan gaba. In ka ga tazarar hayaƙi tana rufewa da kanta duk lokacin da aka auna, ba wanda ya taɓa, to supaf ce ke nutsewa cikin mazauninta. An ƙera waɗannan injuna a zamanin fetur mai dalma, wadda ke yi wa mazaunin ɗan matashi, kuma tun farkon 2006 ƙasashenmu na kudu da Sahara suka bar irin wannan fetur saboda illarsa ga lafiyar mutane. Kulas ɗin 504 ta sanholo ce da aka dasa wa mazaunai na wani ƙarfe, ta fi wasu jurewa, amma abin da ya shekara 40 yana shan guga yana da iyaka. Man ƴan ruwa-ruwa in ya zo da datti ya toshe hancin karbireta, ko wutar delko, mai raba wa buji wuta, ta makara, duk ƙara wa supaf ɗin hayaƙi zafi suke. Na biyun kishiyar wannan ne: an auna daidai amma wata guda tana ta ƙwanƙwasa fiye da ƴan'uwanta. Galibi bakin kilbita ne ya yi rami inda yake dukan supaf, kal ta haye ramin kamar gada ta ba ka lambar ƙarya. A goge bakin ko a canza. A kuma mirgina tsinkayen a kan gilashi a ga ko wani ya tanƙware, a duba ko mai yana isowa sama. Wani lokaci ma ba supaf ba ce, jowan bututun hayaƙi ne ya fashe yake kwaikwayon muryarta.

Wato maganar dattijo ta tasbihi gaskiya ce in ƙarar siririya ce, jere, ba wadda ta fi wata. In da zan zaɓa tsakanin supaf mai surutu da mai shiru, mai surutun zan ɗauka, don ita ɗan ƙarfi take rage maka tana cin ƙarfe a hankali, mai shirun kuwa kulas take sauke maka. Amma ba kowace ƙara ce ibada ba, kuma hannun da ya shekara 30 yana aunawa da ji shi ma yakan so a tuna masa da kal.

Yayanka ba mugunta yake nufi ba, ya ga mota ana turawa a gaban jama'a ne, kuma motar mahaifinsa ce shi ma ko da ba ta faɗo a rabonsa ba. Kada ka yi masa gardama. Ka ce Yaya a ba ni mako guda a auna, in awo ya ce ta mutu na bi maganarka. Sa wani inji ba ƙaramin aiki ba ne: mazaunai, haɗin giya, takardun mota, ga shi ba ka san abin da ke cikin injin da za a sayar maka ba sai ka biya. Wannan kuwa ka san tarihinsa tun daga hannun mahaifinka. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka kafa masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ta yi shekaru tana fitar da ita, shi ya sa har gobe supaf da jowan da kilbita ba sa gagara tsakanin nan da Katsina da Kano. Inna ma a gaya mata gaskiyar abin da ya faru, da kuɗinta a ciki.

Saura dattijo. Kana tsammanin bai sani ba? Mutumin da ya shekara 30 da injin nan, in ta wuce bakin titi yana cikin gareji ya san ita ce. Ranar da ta wuce shiru ya ji, kuma ya san abin da zai biyo baya. Abin da zai fi yi masa ciwo ba jika biyun da ka kai wani wuri ba ne, a ce ɗan abokinsa yana kewaye layinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka sayi goro, ka je da la'asar sakaliya lokacin da aiki ya lafa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba na yi wauta, na kai an ɗaure supaf, ga abin da take yi. Kada ka ce wani aboki ne ya ja ka, kada ka ce da kanta ta fara. Yana ɗage murfi zai ga sawun sifana a kan notin. Zai yi faɗa, wataƙila ya kira sunan mahaifinka a ciki, ka sunkuyar da kai ka sha.

Ka bar motar ta kwana a garejinsa don ta huce. Da safe bayan ka karya ka riga shi isowa, da kal ɗinka sabuwa da ɗan littafi da biro. Ka roƙe shi ya bar ka ka riƙe turnabis yana ɗaure noti, ya kuma bar ka ka ja kal ɗin da hannunka ka ji irin jan da ake nufi, don wannan ba ya shiga ta kunne. Lambobi takwas ɗin da aka tarar kafin a kwance, ka rubuta su da kwanan wata, ka aiko min in gani.